Yaron Dambanas da ƴan lakkwal na yau

Ga wani ɗan gwaji da kowa zai iya yi a gidansa yau da marece. In yaronku ya taso daga lakkwal, ya ajiye jaka ya sha ruwa, ku tambaye shi ranar da Nijar ta samu mulkin kai. In ɗan aji biyar ne ko shida, kafin ku rufe baki zai ce muku 3 ga Agusta 1960, wataƙila ma ya ƙara muku da 18 ga Disamba 1958, ranar jamhuriya. To, sai ku sake tambayarsa: kakan kakanka, da yake babu ashana a zamaninsa, da me yake kunna wuta? Kakar kakarka fa, da wane irin kuɗi take sayen gishiri a kasuwa? Nan za ku ga yaro ya tsaya yana susar ƙeya.

Ba laifin yaron ba ne, kuma ba za mu ɗora wa mushe laifin duka ba. Mu ma da muka yi lakkwal a da, haka aka koya mana tarihi. Mushe ya rubuta taƙaitaccen darasi a allo da Faransanci, mu kwafe a kaye, mu je gida mu haddace, gobe mu tashi tsaye mu rattaba. Wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa a harabar lakkwal kuwa, a rataya masa alamar nan ta kunya a wuya har sai ya kama wani. Mun fita da sunayen sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙe cike da kai, amma ba mu taɓa jin cewa mutanen nan na da suna jin yunwa, suna ciwon ido, suna kewar uwayensu kamar mu ba. Tarihi ya zame mana wani abu da ya faru can nesa, ga waɗansu mutane, cikin wani harshe.

Maganar harshe dai ta daɗe ana yin ta a ƙasar nan. Tun 1973 aka buɗe lakkwal ta gwaji ta farko a Damagaram inda ake fara karantar da yara da Hausa. Dokar ilimi ta 1998 ta ce harsunan koyarwa su ne Faransanci da harsunan ƙasa. A 2025 kuma kundin da hukumomin ƙasa suka fitar ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ƙofa dai ta buɗe. Sai dai buɗe ƙofa daban, samun abin da za a shigar ɗaki daban. Yaron da ya iya karatun Hausa a aji biyu, me za a miƙa masa ya karanta a aji huɗu? Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi tana da daɗi, ba mu raina ta ba, amma yaro mai shekara goma ya fara son labarin da za a ce masa ya faru da gaske.

Irin wannan labari muna da shi. An buga shi da Hausa tun 1885, kuma wanda ya ba da shi ɗan ƙasar Damagaram ne.

Wane ne Dorugu?

An haife shi wajen shekara ta 1840 a wani ƙauye da ake kira Dambanas, kusa da Kance. Ubansa manomi ne kuma makaɗi. A zamanin nan Damagaram tana bin Barno, kuma hari da kamun bayi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Yana yaro, bai wuce sa'an ɗan aji shida na yau ba, aka kama shi, aka raba shi da danginsa, ya yi ta fita daga hannun wannan ubangida zuwa na wancan har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Barno. Can ne ya haɗu da wani Bajamushe mai yawon bincike, Adolf Overweg, wanda mutane ke kira Tabib. Shi ne ya ƴanta shi, tare da wani yaro Bamarge mai suna Abbega. Da Tabib ya rasu a bakin tafkin Cadi a 1852, sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda ƙasashen nan suka sani da suna Abdulkarim.

Daga nan fa tafiya ta miƙe. A ƙarshen 1852 suka iso Damagaram, suka wuce Katsina, Wurno, Sakkwato, Gwandu, suka ƙetare kogin Kwara a Sayi, suka isa Tumbutu a watan Satumba 1853. Bayan sun komo Kukawa sai suka hau hamada ta Kawar da Bilma da Murzuk har Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa. A 1855 Dorugu, ɗan makaɗin Dambanas, yana tafe a titunan Landan, bai cika shekara goma sha bakwai ba. Ya ga Ingila, ya ga Jamus.

A Ingila ya zauna a gidan wani ɗan mishan, James Frederick Schön, mutumin da ya ba da rayuwarsa ga nazarin Hausa ko da yake bai taɓa sa ƙafa a ƙasar Hausa ba. Yaron yana ba da labari, tsohon yana rubutawa. Daga bakin Dorugu ne Schön ya samu mafi yawan Hausar da ya gina nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876 a kanta, sa'an nan a 1885 ya buga littafin da ya kira Magana Hausa, wanda a cikinsa labarin rayuwar Dorugu da tafiye-tafiyensa yake, tare da tatsuniyoyi da karin magana. Shi kuwa Dorugu ya komo Afirka a 1864. Da tsufansa ya koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma a Kano ya rasu a 1912. A 1971 waɗansu masana biyu, Kirk-Greene da Paul Newman, suka fassara labarin zuwa Ingilishi. Abin mamaki, ɗaliban jami'a a Turai da Amurka sun fi ƴaƴan Kance da Matamaye sanin wannan yaro.

Abin da ya sa muka ce labarin ya dace da aji shi ne idon da ya ga abubuwan. Ido ne na yaro. Sarakuna da malamai sun bar mana tarihin sarauta da na jihadi, Turawa sun bar mana rahoton abin da ya dame su, wato hanyoyi da kasuwanni da yawan dawakin sarki. Dorugu kuwa abin da yaro ke lura da shi ya riƙe: gona, ganga, yunwa, tsoro, raƙumi, ƙishirwar hamada, wanda ya yi masa kirki da wanda ya zalunce shi. Da ya je Turai ma sai ya juya musu ido, ya kwatanta yadda suke zaman cin abinci da yadda suke mu'amala, kamar yadda su suka saba kwatanta mu. Yaron da ya ji wannan ba sai an ce masa ya haddace ba. Da kansa zai tambaya, to daga nan sai me ya faru?

Yadda za a shigar da shi aji

Ba mu ce a zuba wa yara littafin gaba ɗaya ba. Shafi guda ya isa darasin mako. Mushe ya karanta da murya, yara su bi da ido, sa'an nan su ma su karanta bi da bi. In an gama, a fita tsakar lakkwal a zana hanyar a ƙasa da sanda: nan Kance, nan Damagaram, can gabas Kukawa, can yamma Sayi da Tumbutu, can arewa Bilma. A sa dutse a kowane zango. Yaron da ya taka daga dutsen Kukawa zuwa na Tumbutu da ƙafarsa, aka kuma gaya masa cewa masu tafiyar sun kwashe kusan wata goma a hanya, ya koyi labarin ƙasa ba tare da an kira sunan darasin ba. Nan ne kuma kalmomin da suka fara ɓacewa daga bakin yara za su dawo da ma'anarsu: ayari, madugu, jagaba, fatake, salka, kantun gishiri. Ɗan Damagaram da ke zaune a unguwar Zango zai gane daga ina sunan unguwarsu ya fito, da dalilin da ya sa take dabam da Birni.

Lissafi ma yana da rabo a ciki. Kuɗin zamanin wuri ne, ana ƙirga shi biyar-biyar a ƙasa, kuma wuri dubu ashirin shi ake kira keso. Abdulkarim ya rubuta cewa a Kano a 1851 ana canza dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. To, keso guda dala nawa ke nan? Ɗan aji biyar zai raba ya samu takwas. Sa'an nan mushe ya tambaye su: wannan dalar da kuke faɗa kullum in an aike ku sayen ƙuli-ƙuli, wadda take tamma biyar, daga ina ta samo sunanta? Ashe sunan tsohuwar dalar azurfar nan ne ya bi mu har yau. Mun tabbata yaron da ya gano wannan da kansa zai kai labarin gida kafin ya kai jakarsa ɗaki.

Ga kuma inda maganar take da nauyi. Labarin Dorugu labarin bauta ne, kuma a aji guda, a kan benci guda, ana iya samun jikan wanda aka kama da jikan wanda ya kama. A garuruwanmu kowa ya san asalin kowa, kuma har yau wannan magana tana hana aure, tana sa a yi wa mutum gori a bainar jama'a. Sai a 2003 dokar ƙasa ta fito fili ta sa bautar da mutum cikin manyan laifuffuka. Saboda haka mun fahimci malamin da zai ce gara a tsallake wannan shafi, kada a tono abin da zai sa yara su riƙa nuna juna da yatsa a filin wasa. Amma mu a ganinmu tsallakewar ta fi haɗari. Yaran sun riga sun ji kalmar a unguwa, kuma a matsayin zagi suka ji ta. In aji ya yi shiru, fassarar unguwa ce za ta zauna. Labarin Dorugu yana nuna musu abin da wa'azi ba zai nuna ba: yaro ne ɗan gida, mai uwa da uba da gona, wata rana aka wayi gari ya zama kayan sayarwa, ba don ya yi wani laifi ba. Duk wanda ke zaune a ajin, da a wannan shekara aka haife shi a wannan ƙauye, shi ma zai iya faɗawa. Sharaɗi guda ne muke ganin dole malami ya riƙe: ana maganar Dorugu ne, ba a tambayar kowane yaro asalin gidansu, ba a kuma kawo sunan wani gida na gari a misali. Ga manyan yara, ana iya haɗawa da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, shi ma labarin yaron da aka sace aka ƙetara hamada da shi ne, ko da yake shi ƙagagge ne.

Littafi na biyu yana gida

Karatu shi kaɗai ba zai isa ba. Abin da yaro ya karanta a takarda yana bukatar ya taɓa shi da hannu, kuma kayan taɓawar suna nan a gidajenmu, ƙarƙashin gado da cikin adudu da bayan rumbu. Mazari da alli da bakan shiɓa. Dutsen niƙa da injin ya kora zuwa bakin zaure. Ƙyastu, in an yi sa'a. Tsohon wasaki, ƙoshiya, akushi, ragaya, ƴan wuri da suka saura a jikin wani tsohon ado. Malami ya ce kowane yaro ya aro abu guda, ya zo da sunansa da aikinsa da sunan wanda ya yi amfani da shi. A shimfiɗa tabarma a jera. A rana guda aji ya samu gidan tarihinsa, ba a kashe ko dala ba. A kan allo a rubuta sunan kowane abu da Hausa da Faransanci, yaran da ke jin Zabarmanci ko Barbarci ko Fulatanci ko Buzanci su ma su faɗi nasu sunan.

Wanda zai yi bayanin kayan kuwa ba mushe ba ne, domin sau da yawa shi ma saurayi ne da bai taɓa ganin ana kaɗi ba. Kaka ce. A nan al'adarmu ta yi mana gata. Ɗa yana jin kunyar ubansa, ɗan fari ma ba a ko kiran sunansa, amma tsakanin jika da kaka wasa ne. Tsohuwar da ke kiran jikanta mai gidana, tsohon da ke kiran jikanyarsa amaryata, babu abin da yaran nan za su tambaya a ƙi ba su amsa. Abin da ake bukata kawai a koya musu tambayar da ke buɗe baki. In yaro ya ce, Kaka, ba ni tarihi, tsohuwa za ta ce ita ba ta yi boko ba. In ya ce, Kaka, da kina kamar ni, wa yake tashe ki da asuba, me kike fara yi, ina kuke ɗebo ruwa, me kuka ci a shekarar da hatsi bai yi ba, to sai dare ya raba su.

Tsofaffinmu ba da lamba suke riƙe shekaru ba, da abin da ya faru suke riƙewa, kuma wannan kansa darasi ne. Yunwar 1913 zuwa 1914 sunanta Kakalaba. Ta 1984 a nan ƙasar El-Buhari ake ce mata, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a zamanin mulkin soja na Buhari. Yara su ja dogon layi a bangon aji, su sa shekarun littafi a sama, su sa sunayen da tsofaffi suka ba su a ƙasa: shekarar fari, shekarar fara, shekarar da aka haƙa rijiyar siminti, shekarar da mota ta fara shigowa gari. Sai 1960 ta daina zama lamba tsirara, ta zama shekarar da kakar wance take amarya.

Sai dai lokaci ba ya jiranmu. An soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ta mallaka a 1946. Wanda yake ɗan shekara goma a lokacin, wanda ya ga an tafi da ubansa aikin hanya, ya ga yadda gari ke tsit in an ce kumandan na tafe ko an zo karɓar lanho, yau yana wajen shekara casa'in. Nawa suka rage a unguwarku? Wanda ya ga ranar mulkin kai da wayonsa ya haura saba'in. Cibiyar nazarin tarihin baka da ke Yamai tun 1968 ta yi aiki mai yawa, masana irin su Boubou Hama da André Salifou da Djibo Hamani sun rubuta abin da za a daɗe ana amfani da shi, amma ba su da ƙafar da za ta shiga kowane gida. Ƴan lakkwal suna da ita. Salular da muke kuka da ita cewa ta raba yara da hira, ita ma tana iya ɗaukar muryar kaka in an nemi izininta.

Waɗanda ke manyan garuruwa suna da ƙarin dama. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, yana da irin ɗakunan da kabilun ƙasar nan suke ginawa, da tufafi da makamai, da masu sana'ar hannu suna aiki a gaban mai kallo. Mun sha ganin an kai yara can, an bi da su a guje daga kejin zaki zuwa ƙasusuwan manyan dabbobin da, an koma mota. Da an tsaya rabin sa'a gaban masaƙi, kowane yaro da tambaya guda a rubuce, da tafiyar ta fi riba. A Damagaram ga fadar sarki, ga ragowar ganuwar Birni da aka gina a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, mai igwa da aka ƙera a garin. Yara da yawa suna wucewa ta gefen ganuwar nan kullum, ba wanda ya taɓa ce musu wannan birni shi ne hedikwatar ƙasa kafin a mayar da ita Yamai a 1926. A ƙasar Arewa ga Lugu, inda Sarauniya ta tsaya wa sojojin Voulet da Chanoine a 1899. Kowane yanki da nasa.

Abin da ya rage

Mun san halin da malamai suke ciki. Aji cike maƙil, wani ma rumfar zana ce da iska ke ɗagawa, littafi guda yara da yawa, ga tsarin darussa da sufeto zai zo ya duba. Ba za mu ce musu su ƙirƙiro sabon darasi ba. Sa'ar karatu tana nan a jadawali, sa'ar tarihi tana nan, abin da muke roƙo a bar su su taimaki juna.

Cikas na gaske shi ne rubutun littafin. Schön ya rubuta Hausa da irin ƙa'idarsa ta wancan zamani, babu ƙ da ɗ da ɓ irin namu na yau, rabon kalmominsa ma dabam ne, har babba sai ya yi ta tuntuɓe kafin ya saba. Ba a miƙa wa yaro shi haka. Sai an samu wanda zai zauna ya juye shi cikin rubutun da ake koyarwa yanzu, ya bar maganar Dorugu yadda take, kada ya gyara masa Hausa ta koma ta rediyo, ya sa ɗan bayani a gefe inda kalma ta tsufa. Littafin ya daɗe da fita daga haƙƙin mallakar kowa, an kuma ɗauki hotonsa an sa a intanet, saboda haka ba izinin da za a jira daga Turai. Cibiyar da ke shirya littattafan lakkwal tana iya ɗaukar aikin, ƙungiyoyin uwayen yara suna iya haɗa kuɗin bugawa, gidajen rediyon karkara suna iya karanta shi kashi-kashi da dare domin uwaye su ma su ji abin da ake karanta wa ƴaƴansu.

In kuma manya sun yi nawa, kashin farko na labarin, wato ƙuruciyarsa a Dambanas har zuwa ranar da aka kama shi, ba shi da yawa. Malami guda mai haƙuri zai iya juye shi a hutun damina guda. Muna ganin malaman Kance da Matamaye su ya kamata su riga kowa, tun da yaron nasu ne, kuma su ne ke kusa da tsofaffin da za su iya nuna wa yara inda ƙauyen yake.